Sir Charles Kerruish, Manomin da Ya Gaji Kujerar Gwamna a Tsibirin Man

Idan mai karatu ya buɗe taswirar Ingila ya dubi tekun nan da ya raba ta da ƙasar Ailan, zai ga wani ɗan ɗigo a tsakiya wanda in ba a lura ba sai a ɗauka tawada ce ta ɗiga. To, wannan shi ne Tsibirin Man. Tsawonsa bai wuce kilomita 53 ba, girmansa duka kuwa murabba'in kilomita 572 ne. A ƙidayar da aka yi a 2021 mutanensa sun ɗan haura 84,000, wato ƙaramar hukuma ɗaya a nan wajenmu ta fi shi jama'a nesa ba kusa ba. Amma duk da wannan ƙanƙanta yana da majalisarsa, da dokokinsa, da harajinsa, da takardun kuɗinsa, da kan sarkinsa na aika wasiƙa. Ba ya cikin ƙasar Birtaniya, ba ya kuma aika ko da wakili ɗaya zuwa majalisar Landan. Shi dai mallakar gadon sarautar Ingila ne, kuma Sarkin Ingila yakan naɗa wani wakili da ake kira Laftanan Gwamna ya zauna masa a can.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar mutumin da ake lissafawa a matsayin ɗan tsibirin na farko da ya shugabanci majalisar zartarwarsu, wato Sir Charles Kerruish. Ya shiga majalisa a 1946, lokacin da Gwamna ne wuƙa da nama. Ya bar ta a shekarar 2000, bayan ya yi shekara goma zaune a kan kujerar da Gwamna ya saba zama. Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne labarin, kuma ina ganin duk wanda ya taɓa aikin gwamnati zai gane shi da sauri, domin galibinsa labarin waye ke sa hannu a takardar fitar da kuɗi ne.

Yadda iko ya taru a hannun Gwamna

Kafin a gane abin da Kerruish ya yi, sai an san irin gidan da ya tarar. Majalisar tsibirin sunanta Tynwald, kuma sunan ya samo asali ne daga harshen mutanen arewacin Turai, wato Bikin, waɗanda suka mallaki wurin a zamanin da. Mutanen Man suna alfahari da cewa tasu ce majalisar da ta fi kowace daɗewa tana zama ba tare da yankewa ba a duniya. Tsibirin ya bar hannun Norwe a 1266, ya yi ta kai-kawo tsakanin Sikotlan da Ingila, har a 1405 Sarkin Ingila ya ba da shi ga zuriyar Stanley. Daga baya gadon ya koma gidan sarautar Atholl na Sikotlan.

A 1765 ne gwamnatin Landan ta saye ikon mulkin tsibirin daga gidan Atholl a kan fam 70,000. Dalilin kuwa bai wuce fasa-ƙwauri ba. 'Yan kasuwa sukan sauke taba da shayi da barasa a tsibirin inda kuɗin kwastan ba shi da yawa, sa'an nan su tsallaka da su Ingila da dare a ƙananan jirage, baitulmalin Ingila yana ta tafka hasara. Da aka saye wurin sai kuɗin kwastan ɗinsa ya riƙa zarcewa Landan, mutanen tsibiri kuwa in suna son gyara ko da gaɓar tashar jirgin ruwa ce sai sun roƙa.

Haka aka yi ta tafiya har shekara ɗari. Majalisar wakilansu, wadda ake kira Keys mai mutum 24, a wancan lokaci ba zaɓenta ake yi ba; in ɗaya ya mutu sauran ne ke kawo sunan wanda zai gaje shi. A 1866 Gwamna Henry Loch ya ƙulla wani ciniki: Landan za ta bar wa tsibirin rarar kuɗin kwastan bayan ta ɗebi fam 10,000 kowace shekara, su kuma 'yan Keys su yarda jama'a ta zaɓe su. Aka yi zaɓen farko a 1867. A 1881 ma har aka ba matan da suka mallaki gida ko gona kuma ba su da aure damar jefa ƙuri'a, tun Ingila kanta ba ta yi haka ba.

Sai dai cinikin Loch yana da ƙaya a cikinsa. Ba a kashe ko sisi sai da yardar Gwamna, shi kuma sai da yardar baitulmalin Landan. Gwamna ne ke tsara kasafin kuɗi, shi ne shugaban 'yan sanda da ma'aikata, shi ne ke shugabantar zaman Tynwald. Daɗin daɗawa akwai majalisa ta sama wadda shi ne shugabanta, a cikinta akwai Bishop, da Atoni-Janar, da manyan alƙalan tsibirin da ake kira Deemster, dukkansu ba wanda jama'a ta zaɓa, kuma duk dokar da 'yan Keys suka zartar wannan majalisa tana iya kashe ta. Wanda ya karanta tarihin majalisar dokokin Legas ta zamanin Turawa ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Lord Raglan, wanda ya yi Gwamna daga 1902 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Farko, ya yi amfani da wannan iko iyakar ƙarfinsa, har a 1916 aka ɗaure wani ɗan jarida mai fafutukar gyara, Samuel Norris, a 1918 kuma ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari. Gyaran da aka yi a 1919 ya ba 'yan Keys damar zaɓen mutum huɗu zuwa majalisar sama, amma jakar kuɗi ba ta motsa daga inda take ba.

Ɗan gona daga Maughold

A cikin wannan hali aka haifi Henry Charles Kerruish a watan Yuli na 1917. Mutumin gundumar Maughold ne a arewa maso gabashin tsibirin, ƙasa ce ta tuddai da tumaki da ke fuskantar teku, kuma gonarsu ta Ballafayle ita ce ya riƙe yana nomawa. Sunan Kerruish kansa tsohon suna ne na 'yan asalin wurin. Yawancin sunayensu na gargajiya da harafin K ko C ko Q suke farawa. Bai fito daga jami'a ba, bai kuma yi aikin lauya ba. A zaɓen 1946, mutanen mazaɓar Garff suka tura shi majalisar Keys, kuma suka ci gaba da mayar da shi har shekara 44.

Akwai wani abu game da siyasar tsibirin da ya kamata a sani, domin shi ne ya ba mutum irinsa dama. Jam'iyyu ba su da ƙarfi a can. Akwai 'yar jam'iyyar Leba ta tsibirin, amma mafi yawan wakilai 'yan ba-ruwanmu ne, kowa da sunansa da mutuncinsa yake tsayawa. Mazaɓa kuwa 'yan dubban mutane ne da wakili ya san su gida-gida. Saboda haka ba wani shugaban jam'iyya da zai tsawata wa wakili, ba kuma wata inuwa da zai fake a ƙarƙashinta. Wanda ya iya magana, ya san dokokin majalisa, kuma ya jure zama, shi ne ke zama babba. Kerruish ya haɗa ukun.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Landan ta amince a kafa majalisar zartarwa, amma ta ba da shawara ce kawai. Gwamna ya ga dama ya ɗauka, ya ga dama ya ajiye. Aikin yau da kullum, kamar ilimi da lafiya da hanyoyi da noma, hukumomi ne na 'yan majalisa ke gudanar da shi, kowace hukuma kuma sai ta je wurin Gwamna neman abin kashewa.

Jakar kuɗi

Shekarun 1950 sun yi wa tsibirin tsanani. Abin da ya dogara da shi shi ne baƙi masu yawon hutu daga garuruwan masaƙu na arewacin Ingila, waɗanda ke cika otal-otal ɗin Douglas na 'yan watannin bazara, sai kuma tseren babura na TT da ake yi tun 1907. Da sanyi ya shigo sai aiki ya ɗauke, samari su tsallaka Ingila neman abinci. Ƙidayar 1951 ta sami mutum wajen 55,000. Ta 1961 kuwa ta sami wajen 48,000. Ƙasar da ta yi hasarar kusan mutum ɗaya cikin takwas a shekara goma, ba sai an gaya wa wakilanta cewa akwai matsala ba. Abin da Kerruish da 'yan'uwansa suka tsaya a kai shi ne, ba yadda za a yi su magance ciwon alhali kuwa maganin yana kulle a ɗakin wani.

Kofa ta fara buɗewa a 1957, lokacin da aka ƙulla yarjejeniya da Landan kan kwastan da kuma gudummawar da tsibirin zai riƙa bayarwa ta tsaro. A 1958 majalisar Landan ta zartar da dokar da ta janye hannun baitulmalinta daga kuɗin tsibirin. To, amma janye hannun Landan bai sa kuɗin ya faɗo hannun zaɓaɓɓu ba, sai ma ya ƙara wa Gwamna ƙarfi, tunda yanzu ba mai duba shi daga sama. Wannan ne ya sa aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Lord MacDermott, Babban Jojin Ailan ta Arewa, wanda ya miƙa rahotonsa a 1959.

Daga wannan rahoto aka sami dokokin 1961. Majalisar zartarwa ta sami gindin zama a doka, kuma mafi yawan 'ya'yanta daga zaɓaɓɓun Keys suke. Aka kafa Hukumar Kuɗi wadda dole Gwamna ya shawarce ta kan kasafi da haraji. Aka kuma rage wa majalisar sama ƙarfi, ya zama jinkirta doka kawai za ta iya yi, ba kashe ta har abada ba. Ba da jimawa ba aka kafa hukumar kula da 'yan sanda da ta kula da ma'aikatan gwamnati. A wannan sabon tsari ne aka sa Kerruish a gaban 'yan majalisar zartarwa daga 1961 zuwa 1967, kuma saboda haka ne sunansa ke zuwa farko a jerin shugabannin gwamnatin tsibirin.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya kada a yi wa mutumin kwalliyar da ba tasa ba. Muƙamin ya fi ikon girma. Gwamna ne ya ci gaba da zama a kan teburin taron majalisar zartarwa har zuwa 1980, kuma Kerruish ba shi da ikon naɗa kowa ko sauke kowa. Ƙarfinsa na ainihi daga wata kujerar ya zo. A 1962 'yan Keys suka zaɓe shi Kakakin Majalisa, ya kuwa riƙe wannan muƙami har shekara 28, abin da ya sa aka san shi a matsayin kakakin da ya fi kowa daɗewa a majalisun ƙasashen Kwamanwel na zamaninsa. Kakakin Keys ba irin na Landan ba ne da ke kama bakinsa. Yana riƙe da mazaɓarsa, yana jefa ƙuri'a, kuma idan majalisun biyu suka haɗu a zauren Tynwald yakan tashi ya yi muhawara kamar kowa. Ke nan a kowane zama Gwamna yana sama yana shugabanci, Kakaki yana ƙasa a gaban mutum 24 yana magana da yawun waɗanda jama'a ta zaɓa. Shekara 28 ana wannan kallon-kallo.

A shekarar 1961 ɗin dai aka yi wasu abubuwa biyu da suka canza tsibirin. Gwamnati ta fara buga takardun kuɗinta, sa'an nan aka soke ƙarin harajin da ake ɗora wa masu manyan kuɗi, da nufin jawo attajiran Ingila su zo su zauna. Gwamnan lokacin, Sir Ronald Garvey, yana cikin waɗanda suka fi ɗokin wannan shiri. Za mu dawo kan abin da ya haifar.

Sakataren Tafawa Ɓalewa da rediyon kan teku

Ga wani abin da zai ba mai karatu mamaki. Su wa Landan ke turowa Gwamna a wannan tsibiri da ke ƙofar gidanta? Tsofaffin jami'an mulkin mallaka ne da aikinsu ya ƙare a wasu wurare. Sir Ambrose Dundas, wanda ya zo a 1952, ma'aikacin mulkin Indiya ne da ya yi Gwamnan lardin kan iyaka a Pakistan. Garvey, wanda ya zo a 1959, daga Fiji ya fito. Sir John Paul, wanda ya zo a 1974, shi ne Gwamnan Gambiya da aka ba ƙasar mulkin kai a hannunsa a 1965. A tsakanin Garvey da Paul kuwa, daga 1966 zuwa 1974, sai Sir Peter Stallard, mutumin da ya fara aikin mulki a Nijeriya a 1937, ya kuma zama Sakataren Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa daga 1958 zuwa 1961. Su ukun nan na ƙarshe duk sun yi Gwamna a Honduras ta Ingila, wadda yanzu ake kira Belize, kai ka ce makarantar horar da Gwamnonin Man ce. Stallard ya ga yadda aka sauke tutar Ingila a Legas a 1960, sai ga shi bayan shekara shida yana riƙe da irin ikon da Gwamna-Janar na Nijeriya ya daɗe da ajiyewa, a kan Turawa 'yan'uwansa.

A zamanin Stallard ne aka yi rigimar da ta fi kowace tona asirin iyakar 'yancin tsibirin. Tun 1964 akwai wani gidan rediyo marar lasisi, Radio Caroline, da ke watsa kiɗan zamani daga wani jirgin ruwa da ya kafa anga a wajen ruwan garin Ramsey. Mutanen tsibirin ba su ƙi shi ba, domin kullum yana ambaton sunan Man ga miliyoyin masu saurare a Ingila da Ailan, talla ce ta kyauta ga masu otal. Ga kuma wani haushi: tsibirin yana da nasa halastaccen gidan rediyon, Manx Radio, da aka buɗe a 1964, amma Landan ta ƙi ba shi izinin ƙara ƙarfin na'urarsa yadda zai kai Ingila. Da gwamnatin Harold Wilson ta yi dokar haramta hulɗa da irin waɗannan jirage a 1967, ta nemi Tynwald ta yi irinta, sai 'yan Keys suka ƙi.

Landan ba ta tsaya jayayya ba. Ta fitar da umurni da sunan Sarauniya ta ɗora dokar a kan tsibirin ko suna so ko ba sa so. Ran 'yan majalisa ya ɓaci ƙwarai, har aka yi maganar kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Kwamanwel, jaridun Ingila kuwa suka sami abin dariya, suna kwatanta tsibirin da Rodeshiya mai tawaye. Ba inda ƙarar ta je. Dokar ta fara aiki, kuma a watan Maris na 1968 aka janye jirgin daga wurin saboda bashin da ake bin masu shi.

A ganina wannan kaye ya fi nasarori da yawa amfani ga tsibirin. Ya nuna wa kowa cewa in aka yi gaba da gaba Landan ce za ta yi rinjaye, domin a doka majalisarta tana iya yi wa tsibirin doka duk lokacin da ta so. Kwamitin Kilbrandon ya sake tabbatar da haka a rahotonsa na 1973. Amma kuma ya ba Landan kunya, har ta yarda a zauna a teburin shawara, inda aka fitar da rahoto a 1969 a ƙarƙashin Lord Stonham na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Daga nan 'yan majalisar suka koma ga dabarar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, wato a bar manyan kalmomi, a riƙa neman abu ɗaya-ɗaya wanda ba zai sa a ce a'a ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Ɓamɓare iko ɗaya bayan ɗaya

Dubi yadda aka yi da majalisar sama. A 1965 aka fitar da alƙali na biyu daga cikinta. A 1969 aka soke kujerun mutanen da Gwamna ke naɗawa. A 1971 aka karɓe ƙuri'ar Atoni-Janar, aka bar shi da ba da shawara. A 1975 babban alƙali ma ya fita. Duk kujerar da ta faɗi, wanda 'yan Keys suka zaɓa ne ke hawanta. A 1973 tsibirin ya karɓi gidan waya daga hannun Ingila ya fara buga kan sarkinsa, wanda ya zama hanyar samun kuɗi daga masu tara su. A wannan shekarar ce Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai, tsibirin kuwa ya sami wani matsayi na musamman, kayansa na shiga kasuwar ba tare da shi ya zama ɗan ƙungiya ba. A 1976 aka yi dokar da ta kwashe ikon kuɗi daga Gwamna ta miƙa wa Hukumar Kuɗi. A 1980 aka kwashe sauran ayyukansa na yau da kullum, ya bar shugabancin majalisar sama da na majalisar zartarwa, tsibirin kuma ya kafa nasa ofishin kwastan. Daga 1981 aka ba Gwamna izinin sa hannu a kan yawancin dokoki a madadin Sarauniya ba sai an kai Landan ba.

Ba Kerruish kaɗai ya yi wannan aiki ba, kuma zalunci ne a manta da irin su Percy Radcliffe da Clifford Irving da suka shugabanci majalisar zartarwa a bayansa. Amma su sun zo sun wuce, Gwamnoni ma sun zo sun wuce, shi kuwa yana nan a kujerar Kakaki yana tuna wa kowa alkawarin da aka yi shekara goma baya. Duk ma'aikaci ya san darajar mutumin da ya san inda tsohon fayil yake. A 1979, shekarar da tsibirin ya yi bikin cikar Tynwald shekara dubu, Sarauniya Elizabeth ta zo da kanta ta shugabanci taron, kuma a shekarar ce aka ba shi lambar girma ta Sir. Masana tarihi dai sun ce ba wata takarda da ta nuna an kafa majalisar a 979. An zaɓi shekarar ne kawai, amma bikin ya jawo baƙi, abin da ake nema ke nan.

To, me aka yi da ikon da aka karɓo? A nan ne labarin ke da ɗaci. Rage haraji ya yi aiki. Attajirai da tsofaffin ma'aikatan mulkin mallaka masu fansho suka yi ta zuwa, bankuna da kamfanonin inshora suka biyo su, yawan jama'a ya sake hawa. Amma farashin gidaje ya fi ƙarfin 'ya'yan talakawan wurin, har aka sami ƙungiyar 'yan kishin ƙasa ta Mec Vannin tun farkon shekarun 1960, a ƙarshen shekarun 1980 kuma wasu samari suka cinna wa gidajen da ake ginawa wuta aka ɗaure su. A 1974 Ned Maddrell ya rasu, mutum na ƙarshe da ya tashi da harshen Man a matsayin harshen uwa. Wato a daidai lokacin da majalisa ke ƙwato ikonta, harshen da ake shelar dokokinta da shi yana shirin shiga kabari, sai daga baya masu kishi suka farfaɗo da shi a makarantu. A ƙidayar 2021 waɗanda aka haifa a tsibirin kusan rabin jama'a ne kawai.

Sakacin sa ido ma ya yi ɓarna. A watan Agusta na 1973 gobara ta tashi a wani katafaren gidan shaƙatawa na Douglas mai suna Summerland, mutum 50 suka mutu, bincike kuma ya nuna an sassauta ƙa'idojin gini. A 1982 wani banki na tsibirin, Savings and Investment Bank, ya durƙushe da kuɗin jama'a wajen fam miliyan 42, a lokacin da kusan ba mai duba littattafan bankuna. Sai bayan ɓarna aka kafa hukumar sa ido a 1983. Waɗannan ba laifin Gwamna ba ne ko na Landan. Wanda ya karɓi maɓalli shi ake tambaya in kaya suka ɓace. Haka kuma batun bulala: kotunan tsibirin sun ci gaba da yanke wa samari hukuncin bulala bayan Ingila ta daina, har wani yaro mai suna Tyrer da aka yi wa uku a 1972 ya kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, wadda ta yanke a 1978 cewa hukuncin wulaƙanci ne. Jama'ar tsibirin da yawa sun so a ci gaba, amma tunda Landan ce ke amsa tambaya a kan yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, dole aka daina, aka kuma share shi daga doka a 1993 tare da hukuncin kisa.

Kujerar ƙarshe

Da aka raba Gwamna da iko sai wata matsala ta fito fili: ikon ya warwatse a hukumomi fiye da ashirin, ba wanda za a kama a ce shi ne gwamnati. Rushewar bankin nan ta ƙara nuna haka. Saboda haka a 1986 aka kafa tsarin ministoci, aka haɗe hukumomin suka zama ma'aikatu tara, Miles Walker, wani manomi kuma mai sayar da madara daga kudancin tsibirin, ya zama Babban Minista na farko, ya yi shekara goma. Shi ne ya sami cikakken muƙamin da Kerruish ya riƙe inuwarsa a 1961.

Abu ɗaya ya rage a hannun Gwamna, wato shugabancin zaman Tynwald. A 1990 aka yi dokar da ta ƙirƙiro muƙamin Shugaban Tynwald wanda 'yan majalisa za su zaɓa daga cikinsu, Gwamna kuma ya fita daga zauren Douglas. Wanda aka zaɓa shi ne Sir Charles Kerruish, yana da shekara 72. Ya ajiye kujerar Garff da ta Kakaki, ya hau matakalar da ya yi shekara 44 yana kallo daga ƙasa. Nijeriya ta yi tafiyar daga tsarin mulkin Richards na 1946 zuwa mulkin kai cikin shekara 14. Tasu ta ci 44, kuma ba a sauke tutar kowa ba.

Ya yi shekara goma a wannan muƙami, ya yi murabus a 2000, Noel Cringle ya gaje shi. Ya rasu a 2003 yana da shekara 86. 'Ya'yansa mata biyu sun bi sawunsa: Anne Craine ta wakilci Ramsey har ta riƙe Ministar Baitulmali, Clare Christian kuwa ta zauna a kujerar mahaifinta ta Shugaban Tynwald daga 2011 zuwa 2016.

Har yanzu tsaro da harkokin waje suna hannun Landan, kuma har yanzu akwai Laftanan Gwamna, ko da yake tun 2010 wani kwamiti na tsibirin ne ke tantance wanda za a miƙa sunansa ga fada. Wanda ya riƙe muƙamin daga 2016 zuwa 2021, Sir Richard Gozney, shi ne jakadan Birtaniya a Abuja daga 2004 zuwa 2007. Rana ɗaya ce a shekara Gwamna ke komawa saman majalisa. Ran 5 ga Yuli, ko Litinin mai bi mata in ta faɗo a ƙarshen mako, akan fita filin ƙauyen St John's inda akwai wani tudu mai hawa huɗu, Gwamna ya zauna a ƙololuwarsa, alƙalai biyu su karanta sunayen dokokin da aka yi da Turanci da harshen Man, duk ɗan ƙasa mai koke kuma yana da damar miƙa takardarsa a gindin tudun. Dokar da ba a yi shelarta a wannan wuri ba cikin wata 18 da sa mata hannu, ta faɗi.